Babi na Tara: Hasken Ɗakin Kalighat

A shekarar 1969 wata 'yar ƙaramar tawaga ta gidan talabijin na BBC ta sauka a birnin Kalkata na ƙasar Indiya domin ɗaukar fim a kan wata mata da duniya ba ta gama saninta ba tukuna. Sunanta Teresa, haifaffiyar garin Skopje a 1910, mabiyanta suna ce mata Mama Teresa. Tun 1950 ta kafa ƙungiyar sistoci masu hidimar matalauta, a 1952 kuma ta buɗe wani gida a unguwar Kalighat inda ake kwaso waɗanda ciwo ya kayar a bakin titi, a yi musu wanka, a ba su abinci, idan kwana ya ƙare su cika a kan gado maimakon cikin kwata. Kwana 5 aka ba tawagar. Mai ba da umarni Peter Chafer ne, mai riƙe da kyamara kuma Ken Macmillan, gwanin da bai daɗe da gama aikin shahararren shirin nan na Civilisation ba. Wanda ya kawo shawarar tafiyar kuwa, wanda kuma muryarsa da fuskarsa za su ɗauki fim ɗin, shi ne Malcolm Muggeridge, tsohon ɗan jarida da ya haura shekara 65, wanda Ingila ta sani da kaifin baki da raina duk abin da jama'a ke girmamawa.

Gidan na Kalighat asalinsa masaukin masu ziyarar ɗakin bautar Kali ne da ke maƙwabtaka da shi. Dogon zaure ne, gadaje gajeru a jere, tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. Tawagar ba ta zo da manyan fitilu ba, 'yar fitila ɗaya gare su. Macmillan ya leƙa ciki ya ce wannan duhun ba zai ɗauku ba. Aka lallashe shi ya gwada. Don kada a tashi a tutar babu, ya kuma ɗauki wasu majinyatan da ke zaune a tsakar gida cikin rana.

Bayan sun koma Landan aka wanke fim ɗin, aka zauna kallonsa a ɗakin gwaji na Ealing. Sai ga zauren nan mai duhu ya fito tar, cikin wani haske mai taushi, ana ganin fuskar kowane majinyaci da hannun kowace sista. Daga wannan zama labarin ya rabu gida biyu, kuma har yau bai haɗu ba.

Muggeridge ya ce hasken Allah ne. Ya ce ƙaunar da ta cika ɗakin ce kyamara ta kamo, irin da'irar hasken da masu zanen Turai na dā suke yi wa kawunan waliyyai. Ya faɗa a rediyo, ya faɗa wa 'yan jarida, ya rubuta a littafinsa Something Beautiful for God na 1971, inda ya ƙara da cewa abin da aka ɗauka a waje cikin rana ma bai fito da kyau kamar na ciki ba. A ganinsa wannan ce mu'ujiza ta farko da aka taɓa kamawa a fim. Shi kuwa Macmillan, sai bayan shekara 25 jama'a suka ji ta bakinsa sosai, a wani shiri mai suna Hell's Angel da tashar Channel 4 ta nuna a 1994. Bayaninsa gajere ne. Dab da tafiyarsu BBC ta karɓi wani sabon samfurin fim daga kamfanin Kodak wanda ba su samu damar gwadawa ba, shi ya ɗora a kyamara da ya ga duhun ya yi yawa. Ya ce ya buɗe baki ke nan zai yaba wa Kodak, Muggeridge da ke zaune a sahun gaba ya juyo ya riga shi magana. Kwana kaɗan bayan haka 'yan jarida suka fara bugo masa waya suna tambayar mu'ujizar da ya ɗauko a Indiya.

Kafin mu raba gardamar, ya kamata mu san wane ne wannan tsoho, domin wanda bai san hanyar da ya biyo ba zai ɗauke shi mai saurin gaskata komai, alhali rabin rayuwarsa ya yi shi ne wajen ƙaryata abin da kowa ya gaskata.

An haife shi ranar 24 ga Maris 1903 a kusa da Croydon, kudu da Landan. Mahaifinsa ɗan gurguzu ne na gidi, har ya wakilci mazaɓar Romford a majalisar dokoki ƙarƙashin jam'iyyar Leba daga 1929 zuwa 1931. A gidan nan abin da aka yi imani da shi shi ne cewa ɗan Adam zai gina aljannarsa a doron ƙasa da ilimi da tsarin raba arziki. Yaron ya yi karatu a Cambridge, ya koyar a wata kwalejin mishan da ke Alwaye a kudancin Indiya, ya auri Kitty Dobbs a 1927, ya koyar a Masar, sannan ya shiga jaridar Manchester Guardian. A 1932 shi da matarsa suka tattara suka nufi Mosko da niyyar zama, don a zatonsu can ne ake gina sabuwar duniyar da aka yi masa alkawari tun yana yaro.

Abin da ya tarar ya karya masa zuciya. Gwamnatin Stalin ta tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka, tana kwashe hatsi da bakin bindiga, ƙauyukan Yukren da arewacin Kaukasus suna mutuwa da yunwa. An taƙaita zirga-zirgar 'yan jaridar waje, ana tace duk abin da suka aika. Muggeridge ya sayi tikitin jirgin ƙasa ba tare da neman izini ba, ya je ya gani da idonsa: gonaki sun zama saura, dabbobi sun ƙare, sojoji sun ƙoshi, manoma sun kumbura, ana loda wasu a taragu kamar kaya. Ya rubuta, ya fitar da rubutun ta jakar ofishin jakadanci don kada a tace. A ƙarshen Maris 1933 jaridarsa ta buga rahotanni 3, ba tare da sunansa ba. A daidai lokacin wani matashi ɗan Wales, Gareth Jones, ya fito da irin wannan shaida. Amma babban wakilin New York Times a Mosko, Walter Duranty, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1932, ya rubuta cewa akwai ƙunci amma babu yunwa, duniya kuma ta fi son ta ji haka. Mutane miliyoyi suka mutu. Muggeridge ya koma gida ba aiki, abokan mahaifinsa suna kallonsa a matsayin maci amana.

Mu da muka tashi muna jin labarin yunwa a bakin kakanni, muka kuma ga farin 1973 da na 1984 ko muka ji daga waɗanda suka gani, mun san darajar mutumin da zai ce akwai yunwa a lokacin da hukuma ta ce babu. Ko da bai yi wani abu ba bayan wannan, ya isa a tuna da shi.

Shekarun da suka biyo baya na suna ne da rashin natsuwa. Ya yi aikin jarida a Kalkata a tsakiyar shekarun 1930, abin da ke nuna cewa ya san talaucin birnin tun kafin Mama Teresa ta fara aikinta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa Birtaniya leƙen asiri a Lourenço Marques, wato Maputo ta yau a Mozambik, inda shi da kansa ya ba da labarin cewa wani dare ya shiga teku da niyyar kada ya dawo, sai ya hango fitilun gaɓa ya juyo. Ya shugabanci mujallar barkwanci ta Punch daga 1953 zuwa 1957. A 1957 ya rubuta wata maƙala a Amurka yana tambayar amfanin sarautar Ingila, aka yi masa ca, har BBC ta ɗan jingine shi. Ya sha giya, ya sha taba, ya ci amanar aurensa ba sau ɗaya ba, kuma bai ɓoye wannan ba a tarihin rayuwarsa da ya rubuta. Bayan mutuwarsa ma marubuciyar tarihin BBC, Jean Seaton, ta bayyana a 2015 cewa an san shi da kai hannu jikin matan da ke aiki tare da shi ba da yardarsu ba. Wanda zai tuna da mutum tsakani da Allah ba zai tsallake wannan ba don kawai mutumin ya tuba daga baya. Matan da abin ya shafa su ma suna da haƙƙin a ambaci abin da aka yi musu.

To, yaushe imanin ya zo? Masu son labari mai daɗi sukan ce a ɗakin Kalighat, ko a kujerar Ealing. Lissafin shekaru bai yarda da haka ba. Tun a 1967, lokacin da yake ɗaukar wani shiri kan rayuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya zauna a kogon Cocin Haihuwa da ke Baitalami yana kallon masu ziyara. Ya shiga da raini, ganin yadda aka mai da wurin kasuwa, amma ya lura da yadda fuskokin masu shigowa ke sauyawa, abin ya tsaya masa a rai. A Janairun 1968 ya ajiye muƙaminsa na wakilin ɗalibai a Jami'ar Edinburgh saboda saɓani kan buƙatarsu ta a riƙa raba ƙwayoyin hana ɗaukar ciki. A 1968 ya yi hira da Mama Teresa a Landan, hirar da ma'aikata suka ga ba ta da armashi, amma da aka nuna ta masu kallo suka yi ta aiko da kuɗi ba tare da an roƙe su ba. A 1969 ya fitar da littafin Jesus Rediscovered. Ya bar giya da taba da nama. Duk da haka ya ƙi shiga kowace coci. Mama Teresa ta rubuta masa wasiƙu tana jan hankalinsa, yana amsawa da girmamawa yana cewa bai shirya ba, domin yana ganin shugabannin coci na zamanin sun fi damuwa da faranta wa duniya rai. Sai ranar 27 ga Nuwamba 1982, yana da shekara 79, aka karɓe shi tare da Kitty cikin Cocin Katolika a wata ƙaramar majami'a da ke Hurst Green a yankin Sussex. Tsakanin hasken Kalighat da wannan rana shekara 13 ne. Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 1990.

Mutumin fadamar Haɗejiya ya san ruwan da ya zuba a kudancin Kano ba ranar yake isowa Guri ba. Sai ya ratso Wudil, ya wuce Ringim da Auyo, ya cika kududdufai, ya jiƙa ƙasa, sannan wata safiya a ga ya shigo gonar shinkafa, har baƙo ya ɗauka daren jiya aka yi ruwan. Imanin da ke zuwa da furfura haka yake tafiya. Yunwar Yukren tana cikinsa, daren Lourenço Marques yana cikinsa, kunyar abin da ya yi wa matarsa tana cikinsa.

Ba aikin wannan littafi ba ne ya yanke hukunci kan addinin da ya zaɓa. Musulmi yana da amsarsa a kan wannan, Kirista yana da tasa. Abin da ya shafe mu shi ne kyamara, kuma a nan ina da matsaya: Macmillan ne ke da gaskiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa shiga ɗakin wanke hoto. Fim na dā leda ce da aka shafa wa wani sinadari mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin azurfa. Haske yana taɓa su, su sauya, ruwan wanki ya fito da sauyin. Wani fim yana buƙatar rana tsaka kafin ya kama, wani kuma ɗan haske kaɗan ya ishe shi, kuma kamfanoni irin su Kodak suna ta gasar fito da mai saurin kamawa a shekarun 1960. Ga kuma idon kyamara da mai ɗauka ke buɗewa ko tsukewa gwargwadon hasken wuri. Hasken da ke saukowa daga taga ta sama, ya bugi bango ya watsu, ba ya yin inuwa mai kaifi, shi ya sa fuska ke fitowa da laushi a cikinsa. Tsofaffin masu hoto a garuruwanmu sun san haka, shi ya sa sukan kai mutum gindin bango ko ƙarƙashin rumfa maimakon su tsayar da shi a rana. Fim ɗin da ya dace da duhu kuwa, a kai shi rana ba tare da an tsuke ido sosai ba, sai ya wanke ya rikice. Yau ma kowa na iya gwadawa. Ka shiga ɗakin tsohuwa bayan magariba, inda da ƙyar kake ganin jeren kwanoni, ka ɗaga wayar zamani ka ɗauka. Za ka ga zanen tabarma da launin kallabi, abin da idonka bai gani ba. Na'ura ce ta tara hasken da ke wurin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, babu wanda ya kai Muggeridge sanin wannan hatsari. A Nuwamban 1976 ya gabatar da laccoci a cocin All Souls da ke Landan, waɗanda aka buga a 1977 da sunan Christ and the Media. Jigonsu shi ne talabijin masana'antar ruɗi ce, kyamara kuma ba ta iya faɗin gaskiya, domin kullum akwai wanda ya zaɓi inda za ta kalla, da wanda ya yanke abin da ba ya so. Har ya ƙaga wani labari cewa da Shaiɗan zai ƙara wa Yesu jarraba ta huɗu bayan ukun da Linjila ta ambata, da tayin fili a talabijin zai yi masa, kuma da ya ƙi. Mutumin da ya yi wannan gargaɗi shi ne ya kafa hujjar mu'ujiza da 'yan mintuna na fim. Ban ɗauke shi maƙaryaci ba. Na ɗauke shi mutumin da abin da ya gani a ɗakin nan ya girgiza shi, wato mata suna wanke gyambon wanda ba su haɗa komai da shi ba, sai ya rasa yadda zai isar da girgizar ga masu kallo, ya kama abin da ya fi kusa da hannunsa. Da ya ce hidimar nan ita ce abin al'ajabi ya tsaya a nan, da babu mai ja da shi. Da ya jingina ta da sinadarin Kodak, sai ya ba masu suka sandar dukanta.

Sun kuwa yi amfani da ita. Fim ɗin da littafin ne suka ɗaga Mama Teresa zuwa idon duniya. Kuɗin littafin ma ƙungiyarta ya bar wa. Ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1979, ta rasu ranar 5 ga Satumba 1997, Fafaroma Francis ya ayyana ta waliyyiya a 2016. Amma wani likita haifaffen Kalkata, Aroup Chatterjee, ya daɗe yana ƙorafin cewa an mai da garinsu alamar ƙazanta da bara don a haskaka mutum ɗaya, kuma ƙorafinsa ne ya haifar da shirin 1994 da Christopher Hitchens ya gabatar. A shekarar ce kuma editan mujallar likitoci ta Lancet, Robin Fox, ya ziyarci gidan na Kalighat. Ya yaba da tsafta da kulawar sistocin, amma ya rubuta cewa ba a tantance cuta yadda ya kamata, ba a bambanta mai iya warkewa da wanda ya yi nisa, kuma babu magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Wannan duka yana cikin zauren da aka ɗauka a 1969, ko aƙalla tambayarsa tana nan, amma kyakkyawan haske ya ɗauke hankalin kowa. Mutanen da ke kwance a gadajen nan, waɗanda fuskokinsu suka zaga duniya, mai kallo ya tashi bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a kogin Haɗejiya ta sauya. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya zama tafki na dindindin, idan kuma damina ta yi ƙarfi kamar ta 2018 da 2020 da 2022, sai Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri su shiga labarai. Duk wanda ya halarci rabon kayan agaji bayan ambaliya ya san tsarin. Ana kafa ƙyalle mai tambari, a jera buhuna, a zaɓo tsohuwar da ta fi kowa nuna wahala, a ɗora mata buhu a gaba, a ce ta ɗago kai. Wani ya ce, "Baba, ɗan matso nan, hasken ya fi." Ta matsa, don ba ta da zaɓi. A ɗauka sau uku, a tura a Facebook kafin motar ta bar garin. Gobe hoton yana cikin rahoto, an rubuta sunan mai bayarwa da muƙaminsa, ita kuwa an ce "wata da abin ya shafa". Ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda 'ya'yanta da ke Kano su gan ta haka. Ba wanda ya tambaye ta buhu nawa na shinkafa ruwan ya cinye mata, bare a ji ra'ayinta kan yashe kogi, alhali ta fi mai kyamarar sanin inda ruwan ke karyowa. Agajin alheri ne, masu yin sa da yawa don Allah suke yi. Amma hoto yana iya zama kyakkyawa, niyya ta zama kyakkyawa, a kuma tauye wanda ke ciki.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Birtaniya suka shiga Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da jama'arsa da dama. Rahoton da ya tafi Landan na waɗanda suka ci yaƙin ne; laƙabin Mai Shahada bakin mutanen gari ne ya riƙe shi. Da mishan suka zo, su ma da kyamara suka zo. Ƙungiyar SIM, wadda ta faro a 1893, ta karɓi aikin kutare a Yadakunya kusa da Kano a 1937, ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, ta kuma yi tasha a Garun Gabas, tsohon garin nan na Biram da ke ƙasar Haɗejiya. Hotunan majinyata da na sababbin masu bi suna tafiya Kanada da Amurka da Ingila, a buga su a mujallu irin su Sudan Witness, a haska su a majami'u don tara gudummawa. Sau da yawa bayanin da ke ƙarƙashin hoton na mai aikawa ne, ba na wanda aka ɗauka ba.

Cikin waɗanda aka ɗauka akwai Hausawa da suka karɓi Kiristanci da girmansu. Tarihin wasu ya tsira saboda 'ya'yansu sun yi fice. Zuriyar Isawa da suka nemi ɗan mishan Dokta Walter Miller a Zariya a 1913, suka zauna a Gimi kafin ciwon barci ya tarwatsa garin, daga cikinsu aka samu Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wusasa ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta R. A. B. Dikko, ta kuma ba adabin Hausa John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Sauran fa? Manomi ko masunci ko majinyacin da ya sauya addini yana da shekara hamsin, labarinsa yakan rabu biyu kamar na ɗakin Kalighat. A rahoton mishan an ce haske ya sauko masa dare ɗaya. A bakin dangi an ce magani ko abinci aka saye shi da shi, wani lokaci ma a daina ambatonsa gaba ɗaya. Kowane ɓangare ya zaɓi bayani mai sauƙi. Muggeridge ya yi sa'a, yana da alƙalami, ya bar littattafai da za a auna shi da su, har a kama shi da kuskure. Mutumin Garun Gabas bai bar komai ba sai fuska a cikin akwatin adana tarihi, ko dai na SIM da ke yankin Charlotte a Amurka, ko, idan na Zariya ne, na mishan CMS da ke Jami'ar Birmingham. Shekarun da ya yi yana juya abin a ransa, da abin da ya rasa, da zumuncin da ya riƙe ko ya yanke, kyamara ba ta ɗauko su ba. Haka kuma abin yake ga wanda ya bar Kiristanci ko addinin gargajiya ya musulunta da tsufa, ake ɗora hotonsa a intanet ana kabbara, ba a ba shi minti biyar ya faɗi hanyar da ya biyo ba.

Akwai kuma shi mai ɗaukar hoton. Macmillan ya yi aikin da ya fi kowane wuya a tafiyar nan, ya yi shi da ƙwarewa, amma ladan ya tafi wani wuri, kuma aka yi shekara 25 kafin a saurari bayaninsa. Mu ma haka muke yi wa namu. Tun daga Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, zuwa Turmin Danya a 1990, zuwa finafinan da ake kallo yau a waya, jama'a sun haddace sunayen jarumai da mawaƙa, amma ƙalilan ne ke tsayawa su karanta wanda ya riƙe kyamara. Masu shagunan hoto na garuruwanmu, waɗanda suka ɗauki hawan salla da saukar karatu da ɗaurin aure da fasfo na maniyyata shekara da shekaru, da yawansu sun rufe shago tun da waya ta zo, tsofaffin finafinansu suna cikin kwali, gara da laima suna ci.

Gidan Makama a Kano da Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna suna riƙe da wani abu, amma yawancin tarihin fuskokin ƙasar Haɗejiya yana cikin akwatunan iyayenmu mata ne da ƙarƙashin katifa. Mai karatu, idan akwai irin wannan hoto a gidanku, kada ka jira. Ka kai shi gaban mafi tsufa a gidan tun yana da rai, ka tambaye shi wane ne wannan, a ina aka ɗauka, wace shekara, wa ya ɗauka. Idan na cikin hoton ya bi wani addini ba naka ba, ka rubuta sunansa duk da haka, ka rubuta abin da aka san ya faɗa da bakinsa, ka bar abin da ba a sani ba. Ka yi rubutun a bayan hoton da fensir, don tawadar biro tana huda takarda. Ka ɗauki kwafinsa da waya ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban, sannan ka sa asalin a leda, ka ajiye shi sama da inda ruwan 2022 ya kai a bangon ɗakinku.